Anti Hura, Nas Mai Bin Numfashin Yara

Kafin a buɗe ɗakin duba yara ta riga ta jera kujeru, ta cika aljihunta da balan-balan. Yaro yana shigowa za ta miƙa masa ɗaya ta ce, "Hura mu gani." Haka sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Anti Hura.

Yaran da take dubawa su ne waɗanda aka haifa hanyar abincinsu ba ta haɗe da ciki ba, aka yi musu tiyata suna jarirai. Iyaye sukan ɗauka da yaro ya fara haɗiya, shi ke nan. Ita kuwa a nan tambayoyinta suke farawa. Me ya sa wannan yake tari kamar ana buga gwangwani? Me ya sa waccan take haki a tsakiyar bene? Likitoci suka bayyana mata cewa hanyar iskar irin waɗannan yara takan zo da laushi, majina ta riƙa maƙalewa, huhu ya sha wahala. Har yau ba su huta da tambayarta ba.

'Yar yayata tana cikin yaran. Ciwon huhu ya sha kwantar da ita, har uwar ta hana ta wasa. Yarinya ta koma 'yar kallo a bakin taga.

Ina wurin ranar da Anti Hura ta saurari ƙirjinta, ta dubi yayata ta ce, "Maman yarinya, yaushe rabonta da gudu?"

"Gudu? So kike ta faɗi?"

"Kin taɓa ganin ta faɗi?"

Yayata ta girgiza kai.

"Ni ma ban san iyakar ƙarfinta ba. Likita ya ce a gwada. Zo mu gani tare."

Aka fita baranda. Yarinya ta zura, Anti Hura ta bi ta da takalmi a hannu, uwar ta rufe ido. A ƙarshen barandar yarinyar ta tsaya, ta yi tari sosai, ta tofar da majina, sannan ta ɗago tana dariya: "In sake?"

Daga nan Anti ta koya mata jan numfashi da fitar da majina, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Yau yarinyar nan budurwa ce, a keke take zuwa aiki. Tarin yana leƙowa wani lokaci, amma ta san abin yi, ta san lokacin komawa asibiti.

Anti Hura, wannan watan kike ajiye aiki. Ke ce uwar masu haki, ke ce kika rage wa iyaye tsoro ba tare da kin yi musu ƙarya ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu tasowa a wannan aiki, ku yi koyi da ita: in kun sallami jariri, ku nemi sanin yadda ya girma.