Tsagar Gobir a Ƙashin Mota

Baba ya rasu ya bar mana tsohuwar kat-kat, irin motocin nan masu shiga yashi ba gardama. Da ita yake kwaso gero daga kasuwar Cadakori, da ita yake kai mai naƙuda likita in hanya ta yanke da damina. Bayan rasuwarsa shekara huɗu tana zaune gindin bedi, wato dogon yaro, a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Inna ba ta taɓa cewa a sayar ba, ba ta kuma ce a gyara ba, sai dai kullum in ta fito shara ta kakkaɓe mata ganye.

Ni ne na ga abin ya ishe ni, na sa aka ja ta zuwa Agiye wurin wani dattijo mai gareji da aka ce babu kamarsa a tada tsoffin motoci. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: motar Baba nake so ta dawo, ba mai kama da ita ba.

Ya ce, "Mushe, kwantar da hankalinka." Haka suke kirana saboda ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko.

To hankalin bai kwanta ba. Ina jin labarin masu yawo gari gari suna neman irin waɗannan motoci na asali, a ciro lambar a manna wa wata, a maido maka kwaikwayo da sabon fenti kana ta godiya. Ni kuwa dama mutum ne mai zargi, ko tela na ba yadi sai na auna abin da ya rage.

Abin da ya ɗan riƙe ni shi ne wani sirri namu. Baba Bagobiri ne, da tsagarsa shidda a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Ranar da ya sayi motar ya shiga ƙarƙashinta da kurfi irin na maƙera, ya tsaga wa shasi, wato ƙashin motar, shidda gefen direba, bakwai ɗaya gefen. Yana fitowa ya ce ta zama ɗiyar gida. Ban faɗa wa mai gareji wannan ba.

Bayan wata takwas ya aiko in zo. Wallahi da na gan ta sai zargina ya ƙaru. Ta yi kyau fiye da kima! Ƙofar direba da Baba ke ɗaurewa da igiya yanzu da yatsa ɗaya take rufuwa. Lambar ƙarfe ta yi daidai da takardu, amma lamba ai ƙusa huɗu ce ke riƙe da ita. Na tuɓe babbar riga na kwanta a ƙasa na shige.

Gefen direba na ƙirga shidda, tsofaffi, bakinsu ya dushe. Na mirgina ɗaya gefen. Tsaga na nan, amma sabuwa fil, har tana kama yatsa. Na ƙirga, shidda. Na sake ƙirgawa, shidda dai.

Na fito na tare mai gareji. "Malam, ni za ka yi wa haka? A wace Gobir ka taɓa ganin shidda da shidda?"

Ya goge hannu da tsumma. Ya ce, "Ashe ba daidai suke ba?" Ya zaga bayan gareji ya dawo da guntun ƙarfe kamar tsawon hannu, tsatsa ta cinye shi har ana hango rana ta ciki. Ya ce wannan gefen ya ruɓe, dole ya yanke ya yi walda da sabo. Da ya ga zanen ya san ba banza aka yi shi ba, shi ne ya kwaikwayi na gefen direba don kada ya zubar da abin mamaci. Shi Bakatsine ne, bai ƙirga ba.

Na ƙirga na jikin guntun, bakwai cif. Kunya ta kama ni, amma zargin bai sake ni ba. Na ce ya nuna mini duk abin da ya cire. Ya kai ni gaban tsibi: ƙofofi biyu, daɓen ƙasa, tanki, kujeru, har igiyar nan ta Baba. Na ce to me ya rage nata? Ya ce inji, da sitiyari, da rabin ƙashi. Har yau ban san ko injin ma shi ne ba, don Baba bai tsaga masa komai ba.

Na sa aka loda mini tarkacen duka a bayanta, na tuƙo gida. Unguwa ta fito kallo ana ta sambarka. Inna ta zagaya motar sau ɗaya, ba ta taɓa ta ba. Na ba ta labari, na miƙa mata guntun ƙarfen. Ta bi tsagar da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, bakinta na motsi.

Na ce, "Inna, gobe sai in samo kurfi in cika wa sabon gefen ta bakwai."

Ta ce, "A'a, bar ta yadda ta zo. Ubanka ne ke tsagawa."

Ta naɗe ƙarfen a gefen zanenta ta shige ɗaki da shi. Washegari da ta fito shara, ganyen bedi ya zubo bisa motar, ta share kewayenta ta wuce.