Wuya Goma

Malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, a Sokodé, wani siririn mutumin kudu, ba ya yarda da karatun baki. Komai sai ka taɓa da hannunka. Mun shuka wake a kwalba, mun fede kwaɗo, ni har na yi amai a kan wandona. A shekarata ta goma sha uku, zamanin Faransa, ya kawo mana mataccen ƙudan tsando a cikin kwalin ashana, ya ce wannan ne mai kawo ciwon barci.

Sannan ya jera mu biyu-biyu, ya koya mana laluben wuya: yatsa uku a bayan kunne, ka gangara a hankali. In ka ji kaluluwa tana zillewa kamar ƙwayar gujiya, kuma ba ta zafi, to ita ce. Muna ta dariya don cakulkuli. Shi bai yi dariya ba.

Da hutu ya zo ya ce kowa ya laluba wuya goma a gidansu, ya rubuta abin da ya ji a kaye, wato littafin aikinmu. Ni kuwa uban son a yaba mini, na ɗauki abin da zafi.

A garinmu Dapaong kowa ya san abin da ake yi wa waɗanda aka samu da kaluluwa. Motar likita takan kwashe su zuwa sansani a yi musu allura wata da watanni. Wasu su dawo, wasu su dawo ba ido. Saboda haka in an ji motar, mutane sukan shige dawa.

Na laluba ƙannena, na laluba yaran mahauta. Wuyan Inna ne na tara. Ba ta san ma na yi ba. Ta dawo daga rafi, na kama mata tulu za mu sauke, yatsuna suka sauka a wuyanta. Guda biyu na ji. Sai a lokacin na lura tana gyangyaɗi a bakin murhu da rana tsaka, ita da ba ta iya zama.

Tsoro ya kama ni, wallahi. Amma na rubuta, har da unguwa da ƙofar gida, don haka aka ce mu yi, kuma a zatona kaye ba ya wuce teburin malami.

Da muka koma ya duba na kowa ya mayar, nawa ya riƙe. Ya ce, “Aikinka ya fi na kowa. Na aika wa likita.”

Na ce, “Malam, uwata ce.”

Ya ce, “To ka cece ta.”

Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Mutanen likita sun same ta tana daka, ba su ma yi tambaya ba, gidan suka nufa kai tsaye. Bayan wata bakwai ta dawo, barcin ya sake ta, idon ya tafi.

Ta yi shekara ashirin da shida bayan haka. Ta tabbatar wa kanta maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ce ta kai ta, ta daina amsa gaisuwarta, ko ta'aziyyarta ba ta je ba. Duk sanda na ja ta muka wuce ƙofar matar sai ta tsaya ta ce, “Allah ya isa tsakanina da wanda ya nuna ni.” Ina riƙe da hannunta nake cewa amin.