Malam Ladan da Hayaƙin Turarensa

Da ya idar da sallar asuba, Malam Ladan Tsafe zai ɗora ƙatuwar fankarsa a bayan mota, ya bar garin Beltsville na Amurka kafin hanya ta cushe. Shekara ashirin da biyu ke nan aikinsa ɗaya: duba sabbin gidaje kafin a ba su takardar shaidar ba sa ɓarnar wuta da gas. Yakan kafa fankar a ƙofa ta zuƙe iskar ciki, na'ura ta auna iskar waje da ke satar shigowa. Sai dai na'ura ba ta nuna inda kafar take. A nan yake kunna turaren tsinken da maiɗakinsa Salimatu ke sa masa a jaka, ya bi bango da shi. Inda hayaƙi ya karkata, nan aka yi sakaci. Magina na masa tsiya wai yana barin gida da ƙamshin ɗakin amarya.

Bana aka fara shigo da sabon ma'auni mai tsauri, mataki-mataki, gwargwadon ranar da aka nemi izinin gini. Gidan da wata nas, Saudatu, ta saya a garin Manassas, da kwana huɗu kacal ya faɗa cikin sabon, kuma ya faɗi gwaji. Wa'adin gidan hayarta Juma'a ne, ga mahaifiyarta mai sanyin ƙashi na tafe daga Kano a tsakiyar Janairu. Elvis, mai kula da ginin, ya ja Malam gefe ya ce ai da tsohon ma'auni gidan ya ci, a kau da kai. Saudatu kuwa da Hausa ta roƙe shi, abin da ya fi masa nauyi.

"Baba, ka rufa min asiri. Ina zan kai Inna?"

"'Yata, wane ɗaki kika ware mata? Zo ki gani."

Ya kunna turare a ɗakin, hayaƙin ya kwanta kamar ana hura shi. Sanyi ne ke zubowa ta silin. Shi kansa bai san ko gyaran zai kammalu kafin Juma'a ba. Kwana biyu yana rarrafe a cikin rufi da gwiwoyinsa masu ciwo, yana nuna wa ma'aikata kafofin da za su toshe, alhali ba aikinsa ba ne. Ranar Alhamis da la'asar ya sake kunna turaren. Hayaƙin ya miƙe sak.

Ƙarshen watan gobe zai ajiye aiki, daidai lokacin da mataki na gaba ke shigowa, kuma gaskiya mu mazauna yankin nan hankalinmu bai kwanta ba. Doka tana iya tsananta a takarda, amma wa zai hau silin?

Malam Ladan, kai ne ka gwammace a ji haushinka yau da a kwana cikin sanyi shekara talatin. Kai ne mai sa hannun da ba a ja. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwa lafiya. Masu tasowa a wannan sana'a, ku je ku same shi tun yana nan, ku ga yadda ake bin bango.

Inna dai ta iso. Saudatu ta ce tun daren farko tsohuwar ta cire safa ta kwanta, har yau ba ta san sunan wanda ya jawo hakan ba.