Teburin Malam Isuhu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin buɗe shago a kasuwar Gudu da safiyar Talata maƙwabcin Malam Isuhu na Masaka ya kira ni, ya ce in yi haƙuri, Malam ya cika bayan sallar asuba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, wanda shi da kansa ya ce mini ba komai ba ne. Na juya na dubi shagonsa da ke jikin nawa, kwaɗon nan yana nan yadda ya bar shi.

Malam Isuhu Bazazzagi ne mai gyaran rediyo da talabijin, ni kuma Bakano mai sayar da cajar waya. Iyalinsa suna Zariya, nawa suna Kano, sai Sallah ko wata lalura ke kai mu gida. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi ne ya fara haɗa mu, don bai taɓa kirana da sunana ba, kullum "Bakano". Mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya kuma mayar wa mai kaya kayansa sai ya goge masa ƙura. Abu ɗaya ne na san ya tsana a zaman Abuja, wato cin abinci shi kaɗai. Yakan ce, "A gidanmu hannu nawa ke shiga kwano? Nan kuwa kowa ya juya wa bango fuska da ledarsa."

Wata shekara ya fara haɗa wani tebur a ƙuryar shagon. Gajere ne, daidai mai zama a tabarma, samansa gilashi mai duhu-duhu. A ƙarƙashin gilashin ya jera ƙananan fitilun LED layi-layi, kowace da ɗan idonta na lantarki. Ya bayyana mini cewa idon yana aiki da hasken da mutum ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin: hasken zai fito ya bugi hannunka ya koma, sai fitilar wurin ta kama. Ka ɗora hannu, haske ya taru a ƙarƙashinsa. Ka ja shi, hasken ya bi ka. Na ce masa aikin banza sai Bazazzagi. Ya yi murmushi ya ci gaba da liƙe wayoyinsa da dalma.

Daga nan ya ɗauke ni aikin gwaji. Kullum bayan la'asar sai ya leƙo ya ce in zo in sa hannu a ɗaya gefen, wai mutum ɗaya ba zai iya gwada gefe biyu ba. In na zauna, sai in tarar da kwanon shinkafa da wake a tsakiyar teburin, ya ce ai dole a ga ko fitilun za su ɗauki nauyin kwano. Haka muka yi ta gwaji har damina ta zagayo. Tun ina tambayar yaushe za a gama, har na gane teburin ya daɗe da gamuwa, na daina tambaya. Ni ma ba na son ledar nan da bangon.

Matsala ɗaya ce ta gagare shi. Ƙofar shagon tana kallon yamma, kuma rana tana ɗauke da irin hasken da idanun ke gani. Idan ta karkato ta faɗa kan gilashin, sai fitilun gefen ƙofa, inda yake zama, su kama da kansu ba hannun kowa. Ya sauya idanu, ya rage musu ƙarfi, a banza. Daga ƙarshe ya rataya labule, yana cewa, "Rana ba ta yi sallama ba, ba za ta ci da mu ba."

Bayan addu'ar bakwai ƙaninsa ya zo kwashe kayan shagon. Na taya shi ɗaurewa, na ce zan raka shi tashar Jabi da teburin don yaran Malam su gani. Sai ya ce uwargidan Malam ta yi magana a kan wannan. Ta ce duk wayar da suka yi sai ta tambaye shi ko ya ci abinci, shi kuma amsarsa ɗaya, sun ci da Bakano. Don haka ita da yaran sun yarda a bar mini.

Da mai ginin ya sa shagon haya, ni na karɓa, na mayar da kayana ciki, tebur yana inda yake. Bayan la'asar nakan zauna a gefena in ɗora hannu, nawa ya kama, nasa duhu. Kewarsa tana damuna ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa na cire labulen. Nakan jira rana ta karkato, gefensa ya haska, sannan in ce bismillah.

Allah Ya jiƙan Malam Isuhu, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa kada ya yi kaɗaici a cikinsa. Allah Ya ba uwargidansa da 'ya'yansa haƙurin rashi, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.