Aljanin da ba ya cewa na gama

A ƙauyenmu, kusa da Baudeta, sai an gama girbi ake gatana. Bayan sallar isha Iya Hassi, kakata ta wajen uwa, takan sa mu tara karan gero a tsakar gida, ta hura wuta, ta tura gujiya cikin toka. Sauran jikoki don labarin suke zuwa. Ni gujiyar ke kawo ni, domin Iya tana da jan magana, ni kuma tun ina ƙarama ba ni da jimirin jira.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya tare ta," in ji ta.

"Iya, a taƙaice dai," in ji ni.

"Ke Rakiya, uwar gaggawa. Wata bakwai aka haife ki, shi ya sa. Zauna."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani manomi da ya sami aljani a gindin kuka. Aljanin yana yin duk abin da aka sa shi, ba ya tambaya, ba ya musu. Sai dai ba ya magana. In aiki ya yiwu, shiru. Ba ya buɗe baki sai in abu ya gagara.

Da kaka ta yi, manomin ya kwanta a inuwa ya ce masa: "Share rumbuna, duk abin da ka tarar ciki ka watsa a tsohuwar rijiya, sannan ka kwaso dammunan gero daga gona ka cika shi." Kafin ya gyara kwanciya aljani ya gama, ya dawo ya tsaya. Manomi ya jira ya ji an ce an gama, bai ji ba. Ya ɗauka ba a ji shi ba ne, sai ya ɗaga murya ya maimaita. Aljani ya koma rumbu, ya kwashe sabon geron kaf ya watsa a rijiya, ya tafi gona. A ranar ne ya fara magana. Ya ce: "Babu komai a gona."

"Wawan aljani," na ce.

"Aljani aikinshi ya yi."

"To mutumin ya yi haƙuri ke nan. Kullum haƙuri."

"Wa ya ce miki haƙuri? Rumbun ga yana bayan ɗakinshi. Ƙafa gare shi. Ya tashi ya leƙa mana."

Ban kula ba. Gujiya ta gasu.

Iya ta rasu ina kolej a Tasawa. Da na bar lakwal, wato makaranta, na sami aiki a wani shagon buga takardu kusa da tasha. Ordinatar ɗin shagon, wato kwamfuta, tsohuwa ce, tsarin Linux ke kanta, kuma mai shagon ba ya son aiki da linzaminta, abin nan da ake ja da hannu ana dannawa. Ya buɗe mini baƙin allon nan da ake kira terminal, inda ake rubuta umarni a danna maɓallin Entrée. Ya bar mini wani layi da ya tsara don masu zuwa a kwashe musu abin da ke cikin katin memorin waya. Rabinsa na farko, mai rm, yana goge abin da ke cikin dosiyen ajiya, jakar da ake zuba kaya a ordinatar, wato ragowar wanda ya riga zuwa. Rabi na biyu, mai mv, yana ɗauke komai daga katin ya zuba a dosiyen. Abin da rm ya goge ba ya zuwa kwandon shara. Ya tafi ke nan.

Makona na farko a shagon, Kawu Illa, ƙanen mahaifiyata, ya shigo ranar kasuwa da wani ɗan kati ƙulle a leda. Na tsohuwar wayarsa ne. Ya ce akwai muryar Iya a ciki, ya ɗauka wata shekara tana gatana, kuma babu ita a ko'ina sai nan. Yana son a kwashe, domin zai ba ɗansa katin.

Na sa katin, na rubuta layin, na danna. Allon ya ɗan tsaya, sannan ya sauko layi na gaba. Bai ce komai ba.

"Ya yi?" in ji Kawu. "Motar Mayahi ta kusa cika."

"Bai ji ba, ina jin. Injin nan kamar jaki yake."

Na saba da na'urar da ake danna wa sau biyu in ta yi nauyi. Na taɓa kibiyar sama, layin ya dawo yadda na rubuta shi, yatsana yana kan Entrée. Ba zan ce na ga fuskar Iya ba, ban ga komai ba. Kalmar ajiya kawai na kalla a allon, na ce a raina, rumbu ke nan. Na goge layin, na rubuta ls, umarnin da ke nuna abin da ke cikin dosiye. Ga muryoyin da ke katin nan jere a ciki. Katin kuwa wayam.

Na kwafa su wuri biyu kafin na ce wa Kawu komai.

Har yanzu ba ni da haƙuri, kuma ban ga alamar zan samu ba. Shekaru na yi ina zaton gatanar nan wa'azin haƙuri ce, irin wanda ake yi wa ƴaƴa mata har su gaji. Ashe Iya ba ta taɓa cewa in jira ba. Cewa ta yi in tashi in duba, kuma wannan mai gaggawa ma yana iyawa.

Kawu ya ce in kunna ɗaya ya tabbatar. Na kunna. Aka ji ƙarar karan gero a wuta, da tarin wani yaro, sai muryar wata yarinya mai tsiwa tana cewa a taƙaice dai.

"Ke Rakiya," in ji Iya daga cikin ordinatar. "Zauna."

Kawu ya rasa motar Mayahi ranar.