Faifan Mahaifina a Bakin Tukunyar Koko

Azare, kafin asuba

Na tashi tun ladan bai yi kiran farko ba, na ɗauko akwatin da na shirya tun jiya. Na katako ne, na shimfiɗa masa bargo a ciki, na sa tsumman karan-miski na goge ƙura. Babu komai a cikinsa tukuna, amma da hannu biyu na riƙe shi. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, ko ranar sunan 'yarmu Sadiya ban ga ka yi wannan rawar jikin ba." Na ci gaba da gyara bargon. Wanda yake jin waƙa a rediyon kicin me zai gane?

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne mutumin nan na Azare da ake cewa fayafayan garmaho sun juya masa kai. A shekarun da kowa ya koma kaset da sidi, ni ina nan da garmahona mai lantarki da lasifikoki biyu manya. Ɗakin da suke ba a shiga da takalmi, ba a shiga da abinci, yara kuwa ba a shiga da su gaba ɗaya.

Amma wannan tafiya ba ta sha'awa ba ce. Mahaifina direban babbar mota ne, ya rasu ina ƙarami. Wata shekara ya kai wani mai kukuma na Katagum zuwa Kano, aka ɗauki waƙarsa a faifai, mawaƙin ya ambace shi a ciki, shi kuma ya amsa. Muryarsa da ta rage a duniya ke nan. Inna, mahaifiyata, ido ya tafi, kuma kwanakin baya ta ce da ni, "Fuskarsa tana nan, amma muryar ta ɓace mini. Ina ta lalube ban samu ba." Maganar ta tsaya mini a rai. Sai na tuna kayan marigayin suna Katagum wurin ƙanwarsa, Gwaggo Hajjo. A lokacin wayar salula ta shigo Azare amma ba ta kai can ba, don haka na aiki Malam Bukar direba da saƙon baki, a haɗa mini fayafayai, ina nan tafe.

A tasha na biya kujera biyu a fijon Malam Bukar, ɗaya tawa ɗaya ta akwati. Wani dattijo da aka matse a baya ya miƙo wuya ya ce, "Malam, me ke ciki ne haka?"

"Babu komai, Alhaji."

"Babu komai ɗin ka biya wa kuɗin mota?" Ya juya ga na kusa da shi. "Kun ji ikon Allah. Mu da muke da komai ga mu huɗu a kujera ɗaya."

Gadau

Daga Azare zuwa Gadau ban ga hanya ba, kunnena kawai nake jinya. Malam Bukar ya sa wani kaset da rediyon motar ta tauna ta tofar ba sau ɗaya ba, mawaƙin yana tafiya sai ya shaƙe, sai ya farfaɗo. Na ce, "Malam Bukar, wannan ai cin zarafin waƙa ne." Ya ce, "To me ya ragu? Ga ganga ga murya." Na ƙyale shi, don in ka biye wa direba sai ka sauka a daji.

A Gadau muka tsaya aka sha koko da ƙosai. Nan na sake tambayarsa ko ya isar da saƙona daidai.

"Yadda ka faɗa, haka na faɗa. Fayafayai, masu kyau, kada a bar su a rana, kada a ɗora musu nauyi. Ta ce ka kwantar da hankalinka, har da masu launi."

Masu launi! Ƙosan da ke hannuna sai da ya faɗi. Duk mai tara fayafayai ya san baƙi ne gama-gari, mai launi kuwa sai an tona. Ashe tsohon nan ya san kaya! Daga nan har Katagum ina ta shirya yadda zan ba abokaina labari, da irin fuskar da zan yi don kada a ga kamar ina alfahari.

Katagum

Da hantsi muka isa. Gwaggo Hajjo ta tare ni a zaure tana cewa, "Maraba da Babana, maraba da mai sunan tsohona!" Aka yi gaisuwa, aka tambayi Inna da jiki, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa idona yana kan ƙofar ɗakinta. Da ta lura sai ta yi dariya ta ce, "Kai da ubanka duk gaggawa. Ga kayanka nan."

Ta shiga ta fito da tuli guda ta baje a tabarma. Fayafayai ne kam, ba ƙarya. Na kaba, sababbi ful, irin waɗanda ake rufe ƙwarya da su, ja da kore da shuɗi, saƙa mai kyau har tana ƙamshi.

"Mata uku na sa," in ji ta. "Ba a bar su a rana ba, ba a ɗora musu komai ba. Sai dai ban gane ba, duk Azare an rasa mai saƙa ne?"

Na ɗauki ɗaya ina jujjuyawa. Ina cikin haka aka kawo mini fura a ƙwarya, da murfi baƙi mai sheƙi a kai, an toshe masa tsakiya da ɗan tsumma. Innalillahi! Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Wannan ai ba faifai ba ne, Babana, maneji muke yi da shi. Faifan da aka huda wa ciki? Ƙuda har layi yake bi. Cikin kayan yayana na same su, na ce Turawa dai ba su iya faifai ba."

Na yi mata bayani a hankali, cewa waƙa ce a ciki, kuma akwai ɗaya mai jar takarda a tsakiya wanda muryar yayanta take kansa. Ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ashe da muryar Yaya nake korar ƙuda." Sannan ta gaya mini abin da ya fi muni, wai sun yi mata yawa, ta rarraba wa maƙwabta.

Ta ɗauki mayafi muka fita gida-gida. Ba zan ɓoye muku ba, abin da idona ya gani a ranar ba na fatan wani mai garmaho ya gani. Wani gidan da faifai ake fifita wuta. Wani an rataye shi a gona bayan gari yana walƙiya, yana korar tsuntsaye daga gero, mai gonar ma ya rantse ya fi mutum-mutumi aiki. Duk inda muka shiga sai Gwaggo ta gabatar da ni, "Ɗan yayana ne, malamin makaranta, ya zo karɓar murafan kwano." Mata su yi ta leƙe ta bayan danga. Na tara abin da ya taru, amma mai jar takarda babu shi.

Sai wajen la'asar wata ta ce ta gan shi wurin Iya mai koko a bakin kasuwa. Muka same ta tana wanke-wanke, ga shi nan kife a bakin tukunya. Zafin koko ya lanƙwasa shi, gefe ya ɗaga, gefe ya sauka. Takardar ta koɗe, amma ja ce.

"Iya, don Allah wannan nake so."

"A'a, ɗan nan. Ya riga ya saba da tukunyata, dubi yadda ya zauna daram. Kuma kada ka ce ban kula da shi ba, kullum da toka da soso nake dirje shi."

Ni da nake goge faifai da karan-miski, ina riƙe numfashi! Gwaggo ce ta shiga maganar, ta ce muryar mamaci ce a ciki. Iya ta saki soso ta ja da baya tana salati, wai shi ya sa kokon yake saurin tsami. Duk da haka ba ta sake shi a banza ba, sai da aka ba ta biyu daga cikin sababbin na kaba, ta zaɓi masu kore.

Na kwana gidan Gwaggo, aka yi mini tuwo da miyar kifin kogi, na ci ban san ɗanɗanonsa ba. Na danne faifan a ƙarƙashin buhun gero ko zai miƙe. Da safe na ɗaga buhun, yana nan yadda kokon Iya ya bar shi.

Hanyar dawowa

Akwatin ya ƙi rufuwa saboda lanƙwasar, sai na naɗe faifan a rawanina na rungume. Fayafayan kaba kuwa Gwaggo ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai na tafi da su, mata uku ba za su yi aikin banza ba. Su suka hau kujerar da na biya. A wani shinge kafin Gadau jami'in da ke duba motoci ya ce in buɗe rawanin. Ya juya faifan gaba da baya, ya kira abokin aikinsa, "Zo ka ga uban sidi!" Ya tambaye ni ko fim nawa yake ɗauka. Malam Bukar ya yi dariya har motar ta mutu.

Azare

Mun shigo gari bayan azahar, na tarar an ɗauke wuta. Na aika wurin Oga Chidi mai kayan lantarki, wanda yake samo mini allurar garmaho, ya turo janareta ya biyo baya da kansa. Ya dubi faifan ya ce, "Malam, wannan allurarka za ta ci, ba ruwana fa." Na ce ta ci.

Na kamo hannun Inna na shigo da ita ɗakin. Da takalminta ta shiga, da goro a bakinta, ban hana ta ba. Na ɗora faifan, hannun garmahon ya fara hawa da sauka. Abin da ya fito daga lasifikokina masu tsada, wallahi kaset ɗin Malam Bukar ya fi shi. Ƙara ce kamar ana suyar ƙosai, kukumar tana kuka can ƙasa. Kunya ta kama ni. Sai mawaƙin ya kira sunan mahaifina, ya ce direba ya yi magana. Wata murya mai kauri ta fito:

"Na gode, na gode. Amma a yi sauri, mota na jira."

Nan allurar ta faɗa ramin da soson Iya ya haƙa, ta kasa fita. A yi sauri, mota na jira. A yi sauri, mota na jira. Na kai hannu zan ɗaga ina ba da haƙuri, ina cewa faifan ne ya lalace.

"Kada ka taɓa," in ji Inna. "Bai lalace ba. Shi ma bai taɓa faɗar ta sau ɗaya ba."

Ta fara dariya, dariyar ta koma hawaye, ta goge da gefen mayafi tana gyaɗa kai. Oga Chidi ya fita a hankali. Muka zauna ni da ita, tsohon yana ta hanzarta mu, har man janareta ya ƙare.

Faifan yanzu yana ɗakinta, ta hana ni mayar da shi cikin nawa. Ta ce in ba ta ɗaya daga cikin na Gwaggo, ta rufe shi da shi saboda ƙura. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Bukar da ya isar da saƙo yadda aka ba shi, da Gwaggo Hajjo da matanta uku. Iya mai koko ma na gode mata, don da ta ƙara dirza kaɗan, da motar ta tafi ta bar mu.