Jimillar Banza

Kafin sunana ya ɓaci, ni mai shigar da bayanai ne a kwamfuta, a ofishin wata ƙungiyar manoma a Daura. Ina da saurin hannu, ina kuma ji da kaina.

Fom ɗin masu karɓar taki hamsin-hamsin ake ɗaure su. Kafin su zo teburina, Malama Rabi, shugabar sashenmu, takan rubuta lambobi uku a kan kowane ɗauri: yawan fom, jimillar buhuna, sai jimillar lambobin katin manoman. Idan na gama bugawa, kwamfuta ta fitar da nata ukun, a gwada. Ta ukun nan muna kiranta jimillar banza, don ba buhu ba ce, ba mutum ba ce. Har tsokanar Malama nake yi, ina cewa tana tara iska.

Da buhu ɗaya na fara. Na rage wa wani manomin garin Dutsi, na ƙara wa abokina, muka sayar. Jimilla ba ta motsa ba. Na yi ta yi har damina biyu, tsoro ya fita daga raina.

Ranar da dubuna ta cika, na cire mutum ɗungurungum. Malam Sale ne, wani dattijo daga garin Babban Mutum. Na sa sunan ɗan'uwana da katinsa, na bar buhunan yadda suke. Fom hamsin, daidai. Buhuna, daidai. Ta ukun kuwa ko tunawa da ita ban yi ba, don ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Malama ta dubi takarda, ta dubi kwamfuta, jimillar banza ba ta zo daidai ba. Ta ce wataƙila ita ce ta yi kuskure, ta sake tarawa sau biyu. Sannan ta cire tabarau.

"Ɗana, ko yatsanka ne ya zame?"

Ƙofar tsira Malama ta buɗe mini, ni kuwa na rantse da Allah cewa hannuna ba ya kuskure.

"To, jawo kujera. Ina karantawa, kana amsawa."

Na san fom na arba'in da uku ne. Tana kiran suna ina cewa daidai. Ta taga ina hango manoma a kan benci suna jiran rabo. Da ta ce "Sale," wani dattijo a waje ya amsa, ya miƙe yana gyara hula, a zatonsa an zo kansa. A kwamfuta kuwa, sunan ɗan'uwana ne a wannan layin.

A makon nan aka kwance tsofaffin ɗauri duka, aka bi su layi-layi. Alƙali ya ba ni shekara biyu.

Da na fito na tafi Babban Mutum neman gafara. Malam Sale ya ce shi ya yafe, ai ya samu takinsa. Sai ya tambaye ni ko na je wurin waɗanda na yi ta rage wa buhu ɗaya-ɗaya. Ni kuwa ko sunan mutum ɗaya ban riƙe ba. Lambobi kawai nake gani a lokacin.

Na tuba, kuma ina roƙon Allah Ya karɓa. Ku matasa da aka ba wa kwamfuta amana, kowane layi da kuke bugawa gonar wani ce. Kada ku taɓa ko ɗaya. Ni na gama zaman gidan yari, amma har yau ban san ƙofar da zan je in nemi yafiya ba.